Likita Ta Tagar Waya

Kwana uku ke nan mura ta sauka gidana a Jidda,
ba sallama, ta shimfiɗa tabarmarta a ƙirjina.
Keken ɗinkina ya yi tsit a lungu,
rigar wani bawan Allah na rataye, saura hannu ɗaya.

Jikata Lubaba ta ce, "Kaka, bayan La'asar,
ƙarfe huɗu da rabi, likita zai leƙo ta waya."
Na ce, leƙowa? Kamar maƙwabci ta taga?
Ta ce, "Haka, sai dai shi tagarsa a wani gari take."

Muka hau shiri kamar masu jiran surukai.
Ta jingina wayar da gwangwanin maɓallai, ta zame;
ta tokare ta da ƙullin zare, ta tsaya.
Ta ɗage labule don haske ya sami fuskata,
ta kashe na'urar sanyi mai gurnanin tsohon raƙumi,
ta hau bene ta roƙi 'ya'yan Yamalawan da ke samanmu
su ajiye ƙwallo ko na rabin sa'a ne.

Ni kuwa farar hulata nake nema.
Ta yi dariya: "Ciwon zai duba, ba ado ba."
Na ce, yarinya, ko a kwance nake
ba na tarbar baƙo kai ba hula.

Ta juya bayan takardar awona, ta cire murfin biro.
"Yaushe ya fara?"
Daren Talata, da na dawo daga bakin teku.
Ta sa min ma'aunin zafi ƙarƙashin harshe:
talatin da takwas da 'yan kai.
Shekara arba'in ina auna kafaɗun mutane,
yau ni ake aunawa, an hana ni magana.
"Tari fa?" Busasshe, da dare ya fi tashi.
"Numfashi?" Yana zuwa, amma sai da lallashi.
Ta jera ƙwayoyin hawan jinina a faranti,
har da citta da kanumfarin da na tafasa a ɓoye.
Ta ce kada in rufe masa komai.

Abin da ya fi damuna harshe ne.
Larabcina na kasuwa ne, ya san yadi, ya san riyal,
bai san yadda ake cewa gaɓoɓina sun yi tsami ba,
balle jikina ya mutu murus,
ba tare da likita ya zabura ba.
Ciwo da harshen uwa yake kuka.
Lubaba, haifaffiyar nan, ta dafa min gwiwa:
"Faɗa da Hausarka, ni zan haye da ita."

Marigayiya Hansai ba ta taɓa neman lamba ba.
Bayan hannu take ɗora min a goshi,
ta ce, "Kwanta." Shi ke nan an gama awo.
Wannan kuwa, an ce, zai sa in wangale baki,
a haska maƙogwarona da tocila,
in danna ƙasan muƙamuƙi in gaya masa abin da na ji.
Yau hannuna likita zai ara.

Saura minti biyar ta taɓa wayar.
Ba likita, sai wani tsoho ya fito,
ido jajir, hanci ya sha goga, hula a karkace.
Saura kaɗan in yi masa sannu.
Lubaba ta miƙo hannu ta bayana
ta gyara masa hular.

Takarda na hannuna.
Tambayar ƙarshe ni na ƙara ta, da ajami, a gefe:
yaushe zan koma kan keke?
Mai rigar nan ranar Juma'a za a ɗaura masa aure.

Wayar ta yi ƙara.
Wani matashi, bai kai autana ba, da tabarau,
ya matso kusa, ya yi min cikakkiyar sallama.
Na gyara zama, na buɗe baki in amsa,
atishawa ta riga ni.